Jar Wayar Baba Rewaya

"Ba tayarwa na ce ki yi ba! Murɗa makullin rabi ki tsaya. Me kika ji?"

Tela ta kasa kunne ta ƙofar mota. "Ban ji komai ba, Baba."

"To famfon mai ne bai samu wuta ba. Da ya samu, da kin ji kukansa daga tanki kamar na sauro."

Baba Rewaya yana kishingiɗe a kujerar roba a bakin ƙofa, an tokare shi da matasan kai. Asibiti sun sallame shi, irin sallamar da ba a cewa a dawo. Ga autarsa ta haihu ta hanyar tiyata a can ƙarshen gari, ba ta iya tasowa, shi kuwa ya rantse sai ya ga jikar nan da idonsa. Babban ɗansa, Akawu, ya ce ko kusa, jijjigar hanya za ta ƙarasa shi, a jira mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa naka ne," in ji tsohon. "In motata ta tashi, za ka kai ni?"

Akawu ya amsa da sauri, don ya san makanikai biyu sun leƙa motar sun gudu. Laifin mai ita ne. Duk rayuwarsa gyaran wayar motocin mutane yake yi tsaf, amma tasa motar da ragowar naɗin jar waya ɗaya ya yi ta lallaɓa ta, har kowace waya a cikinta ta zama ja. Babu mai gane ta fitila da ta famfo sai shi, shi kuma yanzu cokali ma gagarar sa yake.

Shi ya sa ya aika a kira Tela. Katanga ɗaya ta raba su, kuma tun da ta tare suke faɗa a kan baƙin mai da ke gangarowa ƙofar shagonta. Amma ya ce mai zura zare a allura ba za ta kasa waya ba. Ita kuwa haushin Akawu ne ya fito da ita, yadda yake magana a kan uban kamar an riga an shafa fatiha.

"Yaya, don Allah ki koma kan ɗinkinki," Akawu ya ce. "Wahalar da shi kawai kike."

"Shi ya kira ni. In ya kore ni, na tafi."

Ta durƙusa a gefen mai zaman banza, ta buɗe akwatin fis kamar yadda aka gaya mata. Fis lafiya lau. Ta zaro rile, ɗan baƙin akwatin da ke ba famfo wuta, ta kai wa tsohon. Ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ya ƙone, ɗan banza. Cire na hon ki sa a gurbinsa."

Ta sa, ta murɗa. Shiru. Akawu ya sauke ajiyar zuciya, har da gyara tsayuwa.

Baba ya rufe ido, ya daɗe, har Tela ta tsorata. Ashe bin wayar yake a ka, leɓɓansa na motsi.

"Ramin da rilen ke shiga ne ya saki," ya ce da ƙyar. "Yanko guntuwar waya, ki feƙe bakinta biyu. Ramin sama da na hagu. Ki danna da ƙarfi."

Ta danna. Daga bayan mota wani siririn kuka ya taso. Tsohon ya buɗe ido, ya dubi ɗansa. Akawu ya shiga ya tayar, inji ya kama. Tela ta ɗaga hannu don murna, motar ta yi tari ta mutu.

"Wa ya ce ki saki? Haka za ki riƙe har mu je."

Haka aka yi. Aka kwantar da shi a baya, Akawu na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, Tela a dunƙule a ƙasa, kanta a ƙarƙashin dashbod. Wayar ta yi zafi, tana cin yatsunta, kowane rami a titi sai ta ji kamar za ta kuɓuce. Ta ciji leɓe, ta ƙi saki. Tana jin tsohon a baya yana yi wa ɗansa faɗan ya cika taka burki.

A ƙofar gidan autar ba a iya fito da shi ba, sai surukinsa ya kawo jaririyar cikin tawul, ya ɗora masa a ƙirji.

"Kar a kashe motar," ya ce. "Yanzu za mu koma." Sannan ƙasa-ƙasa, "Kai, wannan hanci namu ne."

Tela ba ta ga komai ba, kafet da takalmin Akawu kawai take gani. Ta ji jaririyar ta yi ɗan atishawa, ta ji tsohon ya yi dariya, daga nan ba ta ƙara jin muryarsa ba. Sai salatin surukin, sai Akawu ya kifa kai a sitiyari.

Can ya taɓa kafaɗarta. "Yaya, ki saki haka nan."

Hawaye na gangarowa ta gefen hancinta, babu hannun sharewa. Ta ƙara danna wayar, motar na ta kaɗawa a hankali a bakin titi.