Warin Taba a Rigar Sharhabil

Tun da Malam Datti ya ji warin taba a rigar ɗansa Sharhabil ya san akwai maganar da za ta hana shi sukuni. Yaron bai daɗe da samun aikin hidimar baƙi a wani otal ba, bayan shekaru yana zaune a Unguwar Dosa ba aikin yi.

Da hantsi ya kira shi tsakar gida.

"Me kake sha a wurin aikin nan?"

"Ba ni ba ne, Baba, baƙi ne. Akwai wata baƙar giya da ake bari ta daɗe a gangar katako, suna shan ta da naɗaɗɗiyar taba mai kauri. Aikina in gaya musu tabar da ta dace da ita."

"To ta yaya ka sani, in ba ka ɗanɗana ba?"

Sharhabil ya yi murmushi. "Abokin aikina Bulus ke ɗanɗana mini. Ya ce kamar ƙonanniyar gahawa ce da aka sa wa dabino. Ni kuma in maimaita wa baƙi, har da lumshe ido."

Saura kaɗan Datti ya yi dariya. Sai yaron ya sunkuyar da kai, ya ce an mayar da Bulus Abuja, manaja kuma ya ce daga ranar Litinin kowa zai ɗanɗana da bakinsa.

Datti ya dafa kafaɗarsa a hankali.

"Je ka karya tukuna, kunun zai huce."

Bai san abin da yaron zai ce wa manaja ranar Litinin ba.