Alƙalamin Auta

Itacen ya kuɓuce daga bakin injin, ya daki kwanon rufi, ya faɗo kusa da ƙafata. Baba Mai Alƙalami ya kashe injin da gwiwar hannu, ya cusa hannunsa na dama a ƙarƙashin riga kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Ba ka ga komai ba, Tela," in ji shi.

"Ni almakashina na zo karɓa, Baba, in ka wasa."

Shagona na ɗinki a jikin katangarsa yake. Tun da ya ajiye tuƙin bas ya mai da garejinsa wurin fere alƙalami. In iska ta karya reshe, ko an sare bishiya a gefen titi, shi za a fara gani da zarto. Ya busar da itacen, ya huda, ya zura bututun tawada, ya fere a inji, sai ya ba wanda ya ci jarrabawa ko ya samu aiki. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Har mai facin taya, da bai iya rubuta sunansa ba, yana yawo da nasa a aljihu.

Yanzu ciwo ya cinye shi. Wuyan rigar da na ɗinka masa bara ya yi masa yawa.

"Auta ta samu aikin koyarwa," ya ce, bai dube ni ba. "Asabar za ta zo. Na ba kowa nasa, ita na ce sai ta zama malama." Ya nuna wani guntun ice a kan benci. "Gwabar da uwarta ta shuka ce. Na ɓata ɗaya yanzu, wannan kaɗai ya rage. Hannunka ba ya rawa. Zo ka tsaya nan."

"Baba, ni da ban taɓa riƙe ƙarfen feren nan ba?"

"Bakina bai mutu ba tukuna."

Ya zauna a kujera yana ba ni umarni, garin katako yana shiga mini hanci. "Sassauta! Ba ƙafar wando kake ragewa ba!" Na sassauta, ƙarfen ya zame. Na danna, ya ci rami. Da muka gama, abin ya fito da ƙaton ciki, bakin a karkace, ga zane a gefe kamar ɓera ya gwada haƙori.

Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Zai yi rubutu," ya ce. "Kada ka faɗa mata."

Kafin Asabar ya daina tashi. Ina ɗakin lokacin da Auta ta iso, don ni nake taya matar ɗansa ɗaga shi. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙa mata. Ta bi ramin da babban yatsa, a hankali.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Wa kuma zai yi?"

Ta dubi hannayensa a kan bargo. "Ya yi kyau sosai," ta ce, ta fita. Muka ji ta buɗe famfo a tsakar gida ta bar shi yana zuba.

"Ta ɗauka hannuna ne ya lalace haka," ya ce a hankali.

"Bari in faɗa mata, Baba. Sunanka ne zai ɓaci."

"In ka faɗa, za ta san ko wannan ɗin ban iya ba." Ya juya fuskarsa bango. "Ja mini bargon."

Da safiyar Talata ya cika, ina cikin buɗe shago.

Garejin ya cika da maƙwabta, kusan kowa da alƙalaminsa a aljihu, ana nuna wa juna. Sai mai facin taya ya ce a nuna musu na ƙarshe. Auta ta kawo, ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu.

"Allah sarki," in ji wata tsohuwa. "Dubi yadda hannun bawan Allah ya koma."

"Ko ɗan koyo ya fi haka," wani ya raɗa a bayana. "Da ma bai yi ba."

Da ya iso hannuna, na miƙa wa na kusa da ni ba tare da na duba ba. Kunnuwana suka yi zafi. Auta ta karɓi abinta ta goge shi da gefen mayafi.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, wata rana da la'asar ina kan keken ɗinki na ji wani ƙaramin sauti ta katanga, shuu, shuu. Na fita na leƙa. Ƙofar garejin a buɗe take rabi, an lulluɓe injin da tsohon zanin gado. Auta na zaune a kujerarsa da guntun samfefa, tana goge gefen alƙalamin. Ta tsaya, ta hure garin, ta ɗaga shi wajen hasken taga, sannan ta ci gaba.