Yatsu Nawa Ta Tashi?

Shekara talatin da ɗaya Baba yana saita wutar murhun gasa tangaran a masana'antarmu, ni kuma shekarata ta huɗu ke nan ina aiki a gefensa. Ma'aikata suna ce masa Sarkin Wuta, ni kuma Gimbiya, ko da yake sarautar tamu ba ta wuce zufa da baƙin farce ba.

Wutar gas tana da halinta. In ka buɗe famfo kaɗan, sai ta lafe a bakin bututu. In ka ƙara, sai ta saki bakin ta ɗaga, ta tsaya a iska. Baba ya ce gas ba ya ci shi kaɗai, sai ya ɗan yi tafiya ya gauraya da iska. Gas yana tura wutar gaba, ita kuma wutar tana cin hanyarta baya, inda ƙarfinsu ya zo ɗaya nan take zama. Tazarar yatsu biyu ake so. In ta kai huɗu to ta kusa ɗaukewa, gas ya cika murhu ba wuta, kuma mutum goma sha biyu ne ke aiki a ɗakin.

Kullum da safe in ya kunna, sai ya leƙa ta ƙaramar taga ya tambaye ni, "Yatsu nawa ta tashi?"

Tambayar tana ci mini rai. Na taɓa ce masa, "Wai Baba, sai yaushe zan ci jarrabawar nan?"

"Ran da kika daina gaggawa," in ji shi.

Ranar Laraba ya yi mini tambayar a gaban sabon manaja. Zuciya ta ɗebe ni, na yi gum da bakina. Wutar ta kai yatsu uku. Baba yana leƙe, hannunsa a kan famfo, yana ta ƙarawa. Gindinta shuɗi ya fara rawa. Ya sake tambaya, wannan karon ƙasa-ƙasa, ya juyo gare ni. Sai a lokacin na lura da farar yanar da ta rufe masa ƙwayar ido.

"Huɗu, Baba. Rage."

Ya rage, ta sauko ta zauna. Manaja bai gane komai ba, har yabo ya yi.

Da rana muka zauna a benci bayan murhu. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun bara. Shuɗin ne ya fara ɓace mini. Da kunne nake lallaɓawa, sai suka kawo fankar nan mai ƙara."

Kunya da tausayi suka rufe ni. Ashe duk safiyar da nake kumbure-kumbure, aron idona yake yi.

"Ba wanda zai ji," na ce. "Ni zan riƙa duba maka."

Ya girgiza kai. "Yau shirun numfashi uku kika yi, 'yata. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ke fa?"

Ya zaro sufanarsa ta saita famfo daga aljihu ya aza mini a cinya, ya miƙe ya nufi ofishin manaja yana shafa bango.

Washegari ni na kunna. Wutar ta saki bakin bututu, ta ɗaga, ta tsaya cak. Na ji bakina ya ce, "Biyu." Ba wanda ya tambaye ni.