Ƙarfen Gaban Motar Badaru

Rakiya ta tattare zanenta ta durƙusa a gefen motar, ta leƙa ƙarƙashinta kamar yau ta fara ganinta. Alhali kuwa kullum ƙarar wannan Fijo ce ke tashinta da safe, don a bakin tagar ɗakin da take kwana ake ajiye ta.

"Duba da kyau, Madam," in ji Badaruddeen, mijin yayarta, yana tsaye a kanta yana gyara babbar riga. "A kan kwalta abin ya faru, hanyar filin jirgi. Tirela ce ta matse ni, na kauce, sai ga ni a kife."

Ya ɗaga murya ne don Oga Abraham, manajan kamfanin inshorar, wanda ke tsaye a ƙofar ofis, ya ji. Wai Madam! Mutumin da a gida ko sunanta ba ya iya kira sai "ke, kawo ruwa". Shi ya tsara cewa a nan ba su san juna ba.

Motar dai ta ji jiki. Rufin ya lotsa, gilashin gaba ya tarwatse, ƙofar direba tana lilo. Amma tayoyin ne suka sa Rakiya ta cije leɓe don kada dariyar takaici ta ƙwace mata. Ƙananan tayoyinta na asali ne aka mayar, tas da su, har da yanar gizo-gizon ɗakin ajiya a jikin ɗaya. Ƙarƙashin motar kuwa jar laka ce danƙare, ga ganyen doya ya maƙale a jikin sifirin. Ko ƙarya ma Badaru bai iya yi mata wanka ba.

Tun da gwamnati ta taso daga Ikko bara, aka kwaso ma'aikatar su Badaru zuwa Abuja, zazzaɓin fili ya kama shi. Kowane akawu ya zama dillali, kowane daji ya zama unguwar gobe. Da ya ga injiniyoyin kamfanonin gini suna ratsa jeji a dogayen motoci, sai ya kai Fijonsa Idu wurin Ɗan'auta mai walda. Aka ɗaga mata sifirin, aka sa mata tayoyi kamar na tarakta, aka jera fitilu a rufi, aka ɗaura wani ƙaton ƙarfe a gaba wai don ture itace. Mota ta koma kamar kaza a kan ƙafafun zalɓe. Shi kuwa ko masallacin unguwa za shi, sai ya tashe ta.

Ranar da ya shigo da ita Rakiya ta gaya masa gaskiya. Inshorar da ya yanka ta motar da kamfani ya ƙera ce, a kan hanyar mota. In ya sauya mata siffa bai sanar ba, ko ya shiga daji da ita, to ya fita daga lissafi. Ya yi dariya ya ce, "To mene ne amfanin ƙanwa a gidan inshora?"

Shekaranjiya, bayan ruwan sama ya ɗauke, ya tafi bayan Kuchigoro duba wani fili. Hanya ta ƙare, shi bai ƙare ba. Ya hau kunyoyin doyar mutane, doguwar mota ta karkata, ta yi adungure. Ɗan'auta ya zo ya kwance abin da zai kwance, janwe ta jawo gawar zuwa bakin kwalta, daga nan aka kawo ta harabar ofis. Abin da ya rage kawai shi ne Rakiya, wadda aikinta ne duba motocin da suka yi hatsari, ta sa hannu cewa mota ce ta asali kuma a kan titi ta faɗi.

Da safen nan Yaya Indo, matar Badaru, ta same ta tana ɗaura ɗankwali. Ta zauna a bakin katifa, ta ce, "Ki rufa mana asiri, Rakiya. Jiya har yana cewa ƙaninsa na neman wurin kwana a garin nan." Ba ta ƙara ba, kuma ba sai ta ƙara ba. A Abujar nan manyan ma'aikata ma a kan teburin ofis wasu ke kwana, wasu kullum daga Suleja suke zuwa. Ɗaki a Garki ba abin wasa ba ne. Ballantana Indo ce ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma Rakiya tana son ta so na gaske. Shi ya sa yanzu ta miƙe daga gefen motar ta zare murfin biro, tana jin haushin kanta fiye da yadda take jin nasa.

"Yaya dai, Madam Rakiya?" in ji manaja. "Komai daidai?"

Ba ta kai ga amsawa ba aka ji hayaniya a bakin ƙofa. Maigadi yana ƙoƙarin tare wasu mutum biyu. Wani dattijo ne da buhu a hannu, bayansa matarsa, gajeriya, ta saɓo wani ƙaton ƙarfe a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta riƙe shi da hannu ɗaya kamar damin itace. Ta zo tsakiyar haraba ta sauke shi, ƙasa ta amsa.

"Nan ne gidan inshora?" in ji dattijon. "Suna na Jonah, wannan mata na Naomi. Tun safe muna tambaya a Wuse." Sai idonsa ya sauka a kan Badaru, fuskarsa ta washe. "Yauwa, ga oga! Oga, sannu da jiki. Kai ka ce mu zo nan, inshora shi zai biya doya na da mota ya kashe."

Rakiya ta rufe ido. Ta san yadda aka yi kamar tana wurin. Manomi ya tsare shi a kan ɓarnar gona, shi kuma don ya kuɓuta ya nuna masa hanyar Wuse, yana ganin ɗan ƙauye ba zai taɓa gano ofis ba.

"Kuma kun manta kaya a gona," in ji Jonah. Ya zazzage buhu, fitilu suka gangaro. "Mai walda ya rufe shi da ciyawa. Mun ce mu kawo, kada wani ya sata a ce mu ne."

Gumi ya tsattsafo wa Badaru a ƙarƙashin hula. "Ni ban san su ba," ya ce. "Oga Abraham, ka ga irin mutanen nan? Sun ga mota ta faɗi a titi, sun biyo ta su ci banza. Wa ya san inda suka sato ƙarfen? A kira musu 'yan sanda!"

Murmushin Jonah ya gushe. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙofa, inda maigadi ya riga ya tura sakata.

Manaja ya zagaya ƙarfen, ya zagaya motar, ya sosa ƙeya. "Madam Rakiya, ke kika duba. Wannan ƙarfe na motar nan ne, ko mu kira ofishin 'yan sanda?"

Badaru ya kafe ta da ido. Ta gane kallon sarai: ɗakinta ne a ciki, da katifarta, da fuskar Yaya Indo. Ta dubi kafaɗar Naomi, inda ƙarfen ya bar sawu, tsatsa da gumi sun ɓata rigar. Matar ta ɗauko masa kayansa tun daga Kuchigoro, shi kuma tukuicin da ya ga ya dace shi ne a rufe ta.

Rakiya ta mayar da murfin biro.

"Na motar ne, Oga," ta ce. "Ran Asabar a kansa nake shanya ɗankwalina. A gidansa nake zaune, mijin yayata ne."

Sai manaja ya saki fara'a, irin ta wanda ya tsinci dami a kala. Ba gaskiya ce ta faranta masa ba, Rakiya ta san shi. Murnarsa ita ce kamfani ba zai fitar da ko kwabo ba.

"To doya na fa?" in ji Jonah.

"Baba, mu motar titi muka sani," in ji manaja, har da tafa hannu. "Abin da ya faru a gona, tsakaninka da mai mota ne." Ya juya ya shige ofis abinsa.

Naomi ta yi wata magana da Gbagyi, gajeriya. Ta sunkuya ta sake saɓa ƙarfen a kafaɗa. Jonah ya tattara fitilun cikin buhu, yana fassara maganarta. "Ta ce in oga ya zo maganar doya, ya karɓa kaya nasa. Ya san gona." Maigadi ya zare sakata da kansa.

Badaru ya matso kusa da Rakiya. "Kin kyauta. Kya dawo gida ki same ni." Ya tattare babbar riga ya fita neman tasi, rigar tana sharar laka.

Rakiya ta tsaya ita kaɗai da motar. Ba Badaru take tunani ba, wannan ko a jikinta. Yaya Indo take tunani, wadda yanzu haka tana can ta ɗora tukunya har da rabonta, kuma ita ce za ta sha faɗan da ba ita ta jawo ba. Ta juya ta shiga ofis.

Rosemary mai buga tafireta ta ɗago kai. Tun watan jiya take cigiyar wadda za su raba haya a Nyanya.

"Ɗakin nan naki," in ji Rakiya, "an samu mutum?"

"Ba a samu ba. Amma fa babu ruwa, sai an saya."

"Wuta fa?"

"In sun ga dama."

"Ana ajiye mota a bakin taga?"

Rosemary ta dube ta da mamaki. "Wace mota? Ko hanyar mota babu."

"To," in ji Rakiya, ta ja kujera ta zauna. "Ki jira ni in an tashi. Zan biya in ɗauko katifata."