Gwaggon Biri a Gindin Ɗinya

Bayan an gama yankan gero, Murja ta bi uwar mijinta, Inna Halimatu, zuwa dutsen da ke gabas da ƙauyensu, can wajen Tafashiya, su tsinto ɗinya. Ta tafi da Rabi a goye, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Hawan ya yi wuya, ga sarƙaƙiya, ga duwatsu masu santsi. Da suka kai inda itatuwan suke, Murja ta shimfiɗa zani a inuwa, ta zaunar da yarinyar, ta ba ta dafaffen dankali, ta matsa gaba tana tsinta.

Ta kusa cika kwano sai ta ji Rabi na dariya. Ta waiga. Wani ƙaton gwaggon biri ne zaune a kan zanin, ya ƙwace dankalin yana ci, Rabi kuma tana miƙa hannu za ta kama wutsiyarsa.

Kwanon ya suɓuce mata. Ta zabura za ta ruga, Inna ta damƙe mata hannu.

"Kar ki motsa. In kin yi ihu zai cije ta."

"Inna, ɗiyata. Ki sake ni, don Allah ki sake ni."

"Duƙar da kanki. Kar ki dube shi cikin ido."

Murja ta sunkuya, tana kallo ta gefen ido. Rabi ta kama wutsiyar. Birin ya juyo ya yage baki, haƙora kamar na kare, ya kai mata mari. Yarinyar ta kife tana kuka. Murja ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Ta nemi addu'a ko guda ta rasa, sai "Allah, Allah" take ta yi a ranta. A saman dutse wasu biran sun fara leƙowa.

Inna ta ɗauki kwandon da take tara tata ɗinyar a hankali, ta ja da baya zuwa bakin gangare, ta juye shi. Ɗinyar ta gangara tana ƙara a kan dutse. Biran sama suka sauko a guje suna wawa. Ƙaton ya dubi yarinyar, ya dubi gangaren, ya daɗe. Sannan ya miƙe ya bi su.

Murja ta isa wurin Rabi da rarrafe. Jini na zuba daga kuncin Rabi har wuya. Ta danne wurin da ɗankwali, suka sauko ta ɗaya gefen, tsohuwar na baya tana waige.

A bakin hanya suka tsayar da mai babur. Murja ta hau da yarinyar a ƙirji, Inna ta ce su wuce, za ta biyo su da ƙafa. A asibitin Kankia aka wanke ciwon, aka yi mata allura. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce idon bai taɓu ba, amma tabon zai zauna.