Ƙaurin Mas'uda

Wata uku ke nan Malam Magagi, malamin lekol, wato makarantar boko, a Filinge, yana neman halittun sama, matarsa Habsa kuwa ta ƙoshi da labarinsu. Wai wasu masana a ƙasar waje sun roƙi duk mai ordinatar, wato kwamfuta, ya bar ta a kunne, tana tace sautin da ake kamowa daga taurari, ko a dace a ji motsin wani mai rai. Abokan aikinsa sun yi masa dariya har sun gaji. Shi kuwa dariyar ce ke ƙara masa taurin kai.

Habsa ba ta da lokacin taurari. 'Yarta Mas'uda ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, za ta yi kwana arba'in tana wankan jego a hannun uwarta. Habsa ta daɗe tana ɗokin kwanakin nan. Dangin miji suka aiko da kan bajimin sa da ƙafafu daga Bonkuku, na ƙauri, wanda ake dafa wa mai jego a raba wa dangi. Habsa ta zuba a firigo, na'urar sanyi, ta rufe, ana jiran Hawa, gwaggon mijin, ta iso a dafa a gabanta.

Sai hadari ya rufe rana kwana uku, batirin sola ya yi sanyi, ba zai ɗauki firigo da ordinatar tare ba. Bawan Allah ya duba, ya zaɓa, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da Hawa ta iso, mata sun hura wuta, an girka tukunya, Habsa ta ɗaga murfin firigo. Wari ya doke su. Naman ya kumbura ya yi kore, harshen san ya saki, wani ruwa mai yauƙi ya kwanta a ƙasa. Wata maƙwabciya ba ta kai zaure ba ta yi amai.

Habsa ta sami mijinta gaban ordinatar, yana kallon zane-zane masu launi suna hawa suna sauka.

"Malam, kai ka hidda wayar firigo?"

"Na ɗauka ba ya ɓaci da wuri haka," in ji shi. "Saura kaɗan aikin ya ƙare."

Ƙyama ta kama ta, kuma wallahi ba ta naman ba ce.

Hawa ba ta ɗaga murya ba. Ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Gidan da anka bar naman mai jego ya ruɓe, ban barin jikanmu ciki. Gobe mu tahi Bonkuku, can ta ƙare wankanta."

Habsa ta waiwayi 'yarta, tana jiran ta ce a'a. Mas'uda tana bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, kunya ta hana ta kallon kowa.

"Inna," ta ce a hankali, "ina kinka aje jakata?"