Ina Bayanka

Wata biyar ni da abokina Dogo muna atisayen gudun fanfalaki, don tara taimako ga ɗakin wankin ƙoda inda ake kai Mama sau biyu a mako. Ni tela ne, ni na ɗinka mana rigunan, da hotonta a ƙirji.

Kullum da safe, daga gidan mai zuwa gada, Dogo na can baya yana haki kamar tsohon injin niƙa. In na waiwaya sai ya ɗaga hannu: "Je ka, ina bayanka!" Ni kuma in tsaya in jira shi, in miƙa masa ruwana.

Ranar gasar, a kilomita na talatin, gwiwata ta riƙe, na zube a bakin kwalbati. Sai ga Dogo. Na miƙa masa hannu. Ya hango masu kyamara a gaba, ya gyara riga, ya wuce.

Da yamma na gan shi a talabijin, lambar yabo a wuya, yana share hawaye. "Don Mamarmu na yi," in ji shi. Mutumin da ko ƙofar asibitin bai sani ba!

Bayan kwana uku ya leƙo shago, ya tarar da ƙafata a kan benci, keken ɗinki a rufe.

"Sannu, mutumina. Ka dai san ina bayanka."

"A'a, Dogo," na ce. "Ranar ni ne a bayanka. Na daɗe ina kallon ƙeyarka, ko waiwaye ba ka yi ba."